Jarkar da Ta Tafi Karaye

Wasiƙar ta iso Jega ranar Alhamis, a watan Oktoba na 1996. Na ciro ta daga akwatin gidan waya, na farke ta nan tsaye a bakin ƙofa. Shafi uku ce da rubutun Marek, abokin karatuna a Rasha, wanda ya koma aiki a wani ɗakin bincike a Jamus. Wata bakwai ina jiranta.

Ga abin da ya haɗa mu. Ruɓar da ke cin albasa a rudu, rumfar karan da muke ajiye ta har damina ta wuce, aikin wata ƙwaya ce da ake kira bakteriya. A cikin ƙasa kuma akwai bairos, waɗanda suka fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wasunsu ba ruwansu da mutum ko shuka, bakteriya kaɗai suke kamawa. Da na dawo gida aka ba ni koyarwa a wata sakandare a Jega. Ranakun hutu nakan bi fadamu ina ɗibar ƙasa a leda. A ƙasar Fagada na samu wanda ke cin ƙwayar ruɓa. Na ware shi a wani ɗaki na gidanmu a Aliero, da firij mai kananzir da farantan gilashi da ɗan mataci da na taho da shi a akwati. Na aika wa Marek ya karanta rubutun halittarsa, ya gaya mini ɗan wane dangi ne.

Dangi biyu ne suka dame ni. Akwai masu kisa, su shiga ƙwaya, su hayayyafa, su fasa ta. Akwai kuma masu ɓuya. Su ma suna kashe wasu, amma a cikin wasu sai su kwanta, su liƙa rubutunsu a jikin nata. Ƙwayar da aka kwanta a cikinta ba ta mutuwa. Ita da duk abin da za ta haifa sun sami kariya, wannan bairos ba ya sake taɓa su.

Marek ya ce rubutun ya kai harafi dubu arba'in, bai karanta ko rabi ba, amma ya ga abin da ya isa. “Naka mai ɓuya ne,” in ji shi. “Ga alamar abin da yake liƙa kansa da shi, na ja mata layi. Akwai wani yanki kuma da ya yi kama da abin da bakteriya ke narkar da naman shuka da shi. Wannan ban tabbata ba. Kada ka fitar da shi daga ɗaki.”

Na sani tun kafin ya faɗa. A kan faranti, mai kisa yana barin fili fes inda ya ci. Nawa yana barin ɗan duhu a tsakiyar filin, kamar hayaƙi. Na gani tun ranar farko. Na ce zafin Aliero ne, na ce kayan aikina ne marasa kyau. Na ce da yawa.

Mako uku kafin wasiƙar na ba yayana Alu kwalba guda ta ruwan bairos ɗin.

Alu ne ya riƙe gonar mahaifinmu, Malam Lauwali, wanda ya rasu ina shekara ta huɗu a waje. Abin da Baba ya bari mai daraja iri ne. Jar albasa ce mai siririn wuya, wadda ke kai watan Oktoba da ƙarfinta lokacin da ta kowa ta zama ruwa. Kakanmu ya fara zaɓar ta. Kowace shekara ana ware iyaye, manyan kawuna marasa tabo, a ajiye su a rudu na musamman, a dasa su bayan ruwa ya ɗauke, su yi fure su ba da baƙin iri. Baƙin irin ba ya wuce shekara da rai. In iyaye suka tafi a shekara ɗaya, irin ya tafi.

Alu ya ga gwajin da na yi da kwando biyu. Wanda na yayyafa wa ruwan ya jima, ɗayan ya ruɓe. Ya matsa mini. Na ba shi ƙaramar kwalba, tatacciya, na ce kwando ɗaya kaɗai, na sayarwa. Ya tambaye ni yadda nake ƙara yawansa. Na ce ciyar da shi nake yi da ƙwayar ruɓa. Ban yi maganar mataci ba, don bai tambaya ba.

Na ninke wasiƙar na hau babur. A hanya ina gaya wa kaina kwalba ɗaya ce, kwando ɗaya.

Warin ya tare ni tun daga bakin lungunmu. Wanda ya tashi a Aliero ya san warin ruɓaɓɓiyar albasa, ba ya ko juya kai. Wannan ya fi shi tsami, yana kama maƙogwaro. Na jingina babur na zaga bayan gida.

Alu na tsaye gaban rudun iyaye, ya ɗage rufin ciyawa. Ruwa mai yauƙi na ɗiga ta tsakanin kara, ƙuda sun yi baƙi a ƙasa. Bai juyo ba.

“Dokta,” ya ce. Haka yake kirana tun da na dawo, rabi ba'a. Yau babu ba'ar. “Zo ka gani.”

Na ɗauki kai ɗaya na danna wuyansa da babban yatsa. Yatsan ya shige har gaɓa. Na ɗauki wani. Na ɗauki na can ƙasa. Na bar ɗauka.

“Yaya, mi ka zuba musu?”

“Abinka.”

“Kwalbar ba ta isa rudu.”

“Shi ya sa niƙ ƙara ta.”

Ya kai ni gindin darbejiya ya buɗe wata ganga. Cike take da ruwa mai kauri, ruwan toka-toka, kumfa na tashi, ɓawon albasa na yawo a sama. Ya juye kwalbata a ciki, ya zuba ruwan rijiya, ya riƙa jefa ruɓaɓɓiyar albasa kullum. Kamar yadda mata ke barin nonon jiya don ya kama na yau, haka ya fahimce shi. Ba wauta ba ce. Ni ma haka nake yi, sai dai ni ina tacewa in zubar da ƙwayar, in riƙe bairos.

Na tsaya ina kallon gangar, ina ganin abin da ya faru a cikinta. Kwana na farko bairos ya kashe mafi yawan ƙwayoyin. Waɗanda ya kwanta a cikinsu suka rage, ba abokin takara, ga abinci kullum. Abin da Alu ya yi mako uku yana kiwo ruɓa ce zalla, wadda maganina ba zai sake kamawa ba.

“Yafin hwa?” na ce. Ina nufin fangalan da aka yafa baƙin irin bana, wanda za a dasa.

“Na ba su. Na ce su tashi da ƙarhi. Sun kwanta tun shekaranjiya.”

Sai wani abu ya faɗo mini.

Baba yana da ƙa'ida, ya gada daga nasa uban. Duk abin gyaran gona da ya shigo gidanmu, iri ne ko taki ko wata dabara, ba a amfani da shi sai an ba mutum biyu tukuna. Muna yara mun sha kai ƙullin iri gidajen mutane kafin a taɓa gonarmu. Na manta da wannan a shekara taran da na yi a waje. Alu bai manta ba.

“Wa da wa kab ba?”

“Tamu na Jiga Birni. Ya zuba nashi tun wancan mako. Da Gwaggo.”

Gwaggo Hamsatu ƙanwar Baba ce, tana aure a Karaye, can cikin ƙasar Maiyama. Kowace shekara ana kai mata rabonta na iyaye, tana dasawa a ɗan lambunta. In ban da abin da ke hannunta, babu sauran irin Malam Lauwali a duniya.

“Yaushe?”

“Jarka guda na ba direba, kwana goma sha biyu ke nan. An ce ya mance ta tashar Maiyama. Sai Talatar nan ta isa.”

Talata, Laraba, Alhamis.

“Kada kowa shi taɓa gangar ga,” na ce. “Wanke hannunka da sabulu. Sake riga. Takalman ma.”

Ya yi duk abin da na ce, ko tambaya babu. Wannan ya fi ba ni tsoro. Alu bai taɓa bin maganata ba sai ya ja.

Muka koma Jega, muka ƙetare gada, muka miƙe kudu. Ni ke tuƙi, shi yana baya. Motocin albasa na ta shigowa don kasuwar gobe, buhu kan buhu. Kowace muka wuce sai na ji ina shinshina iska. Ban san wa Tamu ya ba ba. Ban san buhu nawa ya riga ya ɗaure ba.

Bayan Maiyama muka bar kwalta. Ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya, sau biyu muna sauka muna turawa. A karo na biyu Alu ya yi magana, kansa a ƙasa.

“In mun isa ni za ni hwaɗa mata. Ni niz zuba.”

Raina ya so hakan, na kuma ji kunyar son.

Mun shiga Karaye bayan azahar. Muka yi sallama a zaure, muryarta ta amsa daga ciki. Tana zaune a inuwa kan tabarma, ƙafafu a miƙe, kwando a hagunta, albasa jere a damanta. Tana ɗauko kai daga kwando, ta murza shi, ta ɓare busasshen ɓawo, ta ajiye. Jarkar na jingine da bango, shuɗiya, bakinta toshe da leda. Kusa da ita ga kwalba cike.

Na duba ƙasa. A bushe take. Na duba albasar. Ɓawonta na sheƙi, babu jiƙa.

“Lale, lale! Yau mi ag ga gari? Alu da Baturen gidanmu a babur guda?” Ta kalle ni sama da ƙasa. “Har yanzu ba ka yi ƙiba ba. Can ba su da tuwo, nan ma ba ka ci?”

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi hanya. Na amsa duka, idona na kan jarkar.

“Gwaggo, kin zuba?” Alu ya ce.

“Ina hwa! Kwana ukku ina neman na biyu. Labbo maƙwabcina ɗai ya amsa. Kowa na buɗe mai sai shi toshe hanci, shi ce Hamsatu, wanga ko gawa ba a yi ma wanka da shi.” Ta yi dariya. “Ni ko ban taka ƙa'idar Yaya ba yana da rai, ba ni taka ta yana ƙasa.”

Sai ta tsaya, fuskarta ta washe. Ta miƙa hannu ta jawo kwalbar.

“Ashe Allah ya kawo man na biyu har gida. Alu ba shi cikin lissahi, shi ya aiko. Kai, Nura, ungo. Amshi in samu in zuba kahin la'asar.”

Ta miƙo mini da hannu biyu. A gidanmu ba a barin hannun babba a miƙe. Alu ya buɗe baki. Ni kuwa ba kwalbar nake kallo ba. Gefenta a jiƙe yake, wani siririn ruwa ya gangaro daga bakinta ya bi yatsun Gwaggo.

“Gwaggo, yaushe kika cika ta?”

“Ɗazu da hantsi. Amshi mana, hannuna ya gaji.”

“Kin wanke hannu bayan nan?”

“Ji shi! Magani na, ko kashi?”

“Ba ni amsa,” na ce. “Aje ta ƙasa. Kada ki sake taɓa albasar ga.”

Ba ta ajiye ba. Ta dubi Alu, ta dube ni.

“Gwaggo, ni na…” Alu ya fara.

“Nawa na,” na ce. “Ni na ɗebo shi Fagada, ni na kawo shi gida. Na ga alamar ba shi da kyau tun farko, na yi shiru, na ba Yaya. Abin da ke cikin jarkar ga ba magani ba na. Ruɓa ta, wadda ta hi ta kullum.”

Ta sauke kwalbar a hankali, nesa da tabarma. Ta riƙe hannayenta a sama kamar ba nata ba.

“Rudun Yaya Lauwali?”

“Babu,” in ji Alu.

“Yafin?”

“Babu.”

Ta juya ta kalli tabarmar, ta daɗe tana kallo.

“Shekara tara,” ta ce. “Ubanka ya mutu yana tambayar ko ka kusa gamawa.” Ba ta ɗaga murya ba. “To, gama. Hwaɗi abin da za a yi.”

Na faɗa. Alu ya hura wuta a bayan gida, nesa, ya juye jarkar da kwalbar a tsohuwar tukunya, ya tafasa ruwan har ya kusa ƙonewa. Jarkar ma ya jefa ta a wuta. Gwaggo ta wanke hannu da sabulu da toka sau uku. Na kwashe ƙasar da ruwan ya ɗiga a kai. Sannan na raba albasar gida biyu. Waɗanda ta taɓa tun hantsi arba'in da ɗaya ne. Waɗanda ke cikin kwando, hannunta bai kai gare su ba, ashirin da biyu.

Ina cikin wannan ƙuda ya sauka a kan ɗaya daga na kwandon. Na kore shi. Wani ya sauka. Na ɗaga kai na ga daga inda suke zuwa, ta saman katangar zana.

“Rudun wa ke bayan nan?”

“Na Labbo.”

Labbo ba ɗan gidanmu ba ne, ƙa'idar Baba ba ta hau kansa ba. Ya yayyafa nasa tun ranar Talata. Na zaga na same shi yana gyaran garma. Dattijo ne mai fara'a, ya tashi yana yi mini godiyar magani. Na bar shi ya gama, na gaya masa. Muka buɗe rudun. Na sama ba su nuna komai ba. Na tura hannu ciki na ji ɗumi, na zaro ɗaya, wuyan ya lotsa. Bai zage ni ba. Ya ce in tafi daga gabansa, na tafi.

Taku goma ne tsakanin rudunsa da tabarmar Gwaggo. Aliero kuma ba wurin kai iyayen ba ne. Muka shigar da su ɗakinta. Kowane kai na ɗaure shi da zarensa daban, na rataye a azara, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Na kwando a gabas, waɗanda ta taɓa a yamma. Muka toshe taga da gidan sauro.

“Kwana nawa?” ta ce.

“Goma. In wuya bai yi laushi ba a kwana goma, ya tsira.”

Kullum in na tashi daga aji sai in hau babur zuwa Karaye. In wanke hannu, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna wuya, ina wanke yatsa tsakanin kowane biyu. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa. Kwana uku ba abin da ya faru. A na huɗu, biyar na yamma suka lotsa. A na biyar, tara. Na daina cin abincin rana saboda warin albasa a miya. A na shida na danna ɗaya na gabas, na ji kamar ya ba da kai. Na tsaya da yatsa a kansa, ban iya ƙara ƙarfi ba, ban iya ɗagawa ba.

“Danna,” in ji Gwaggo daga ƙofa. “Tsoronka ba shi warkar da shi.”

Na danna. Ruwa ya fito. Na yanke zaren, na fitar da shi, na fitar da biyun da ke kusa da shi duk da ƙarfinsu.

A cikin kwanakin Alu ya tafasa gangar, ya ƙone rudun Baba har ƙasa. Ya je Jiga Birni ya taya Tamu haƙa ramin binne albasarsa. Tamu ya ba wani, wanin ya ba wani. Mun bi sawu har gida huɗu, daga nan ba wanda ya tuna.

Ranar ta goma na bi su sau biyu. Sha tara na gabas, bakwai na yamma. Ashirin da shida, wuyansu kamar icce.

Ba mu dasa su a lambun Gwaggo ba, don ruwan da ya bi ta rudun Labbo nan yake gangarowa. Ta ari wani fili a can gaba, inda ba a taɓa sa albasa ba. Ita ta yanke kan kowanne da wuƙar da na dafa, ita ta binne. Ni ta ce in tsaya a kan kunyar gona, kada in shigo.

Ashirin da huɗu suka tsiro. A watan Maris suka ba da baƙin iri, bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Ta sheƙe shi a faifai, ta raba uku. Kashi ɗaya ta ƙulla wa Labbo, ɗaya wa Tamu. Ta ba ni ƙullin biyu ta ce in kai da ƙafata. Abin da ya rage ta juye a gwangwanin tumatir ta miƙa wa Alu.

Marek ya sake rubutowa cikin azumi. Ya gama karanta rubutun, ya sa shi a danginsa, cikin masu doguwar wutsiya da ke ɓuya. Yankin nan da bai tabbata ba, har yanzu bai tabbata ba. Ya ce al'ada ce a raɗa wa sabon bairos sunan inda aka same shi ko na wanda ya samo shi, in zaɓa.

Na amsa masa da layi ɗaya, na ce ya ba shi lamba, ba suna ba. Inda gangar ta zauna a gindin darbejiya, har yau Alu ba ya barin a ajiye buhu.